Keken da Dogo Ya Ɗaura

"Ka ce rami ne," in ji Mai Guga, yana riƙe da wuyan hannuna. "Ka ji ko? Duk wanda ya tambaye ka, rami na faɗa."

Yana kwance a gefen kwalta, daidai kwanar da ke ƙasan gangaren layinmu, ƙafarsa ta hagu ta yi wani irin juyi da ban so in sake kalla ba. Kayan mutane da ya goge da safe sun watse a titi, fararen riguna da wanduna, har wata mota ta bi ta kan ɗaya. Ni kuwa da almakashi a hannu na fito, na bar mutum a kujera da rabin aski.

"Wane rami?" na ce. "Titin da aka gyara bana?"

"To ka ce kare ne."

"Ka tsayar da magana ɗaya, malam. Kare ko rami?"

Ya so ya yi dariya, ciwo ya hana shi. "Rami," ya ce. "Kada Dogo ya ji wani abu ban da wannan."

Keken yana yashe a bakin kwata, ja mai ƙyalli, tayar baya tana ta juyawa. Ban taɓa tsanar ƙarfe kamar yadda na tsani keken nan a ranar ba.

Mai Guga maƙwabcina ne tun gashina yana baƙi. Gida ɗaya muke haya, shi da iyalinsa a sama, ni a ƙasa, shagon askina kuma yana jingine da ɗakin gugarsa, bango ɗaya ya raba mu. Yana da wani tsohon baƙin keke da yake kai wa mutane kayansu a kai, mai nauyi kamar ƙofar gareji. Fentinsa ya goge, sirdinsa ya ɗauki siffar mai shi, amma in ya taka birki ko a tsakiyar gangare ne sai ya tsaya cak. Mukan yi masa tsiya mu ce keken ya girmi matarsa. Shi kuma ya ce ai shi ya sa ya fi ta jin magana.

Dogo shi ne ɗansu tilo. Ya yi karatu, ya gama, ya yi shekaru yana yawo da takardu a ambulan har ya gaji ya koma ɗaki. Akwai lokacin da sai a yi mako ba a ga fuskarsa a layi ba, uwarsa ta ajiye masa abinci a bakin ƙofa ta dawo ta same shi yadda ta bari. Uban ba ya magana a kai, amma ni da nake aske shi na san yadda furfura ta ci kansa a shekarun nan.

Sai Allah ya sa aka buɗe wani katafaren kanti a bakin babbar hanya, irin wanda za ka shiga neman sabulu ka fito da firji. Suka ɗauki Dogo aiki a can baya, inda ake fasa kwali. Aikinsa ɗaura kaya: teburi, fanka, gadon jarirai, da kekuna. Ba wanda ya koya masa. An miƙa masa sifana da wata takarda mai hotuna aka ce ya yi sauri. Ranar da ya fara fita da rigar aikinsa shuɗiya, uban da kansa ya goge ta, har ya kira ni in zo in ga karin da ya fitar a hannun rigar.

Albashin farko, Dogo ya yi abin da ya ga shi ne burgewa. Ya jira ubansa ya tafi masallaci, ya miƙa wa masu sayen tsofaffin ƙarafa baƙin keken, ya kafa sabon a gurbinsa. Ja, da giya barkatai, da wani sifirin a ƙarƙashin sirdi, da rubutu manya-manya a jiki. Yara suka taru suna shafawa.

"Ni na ɗaura shi da hannuna, Baba," ya ce.

Ina tsaye a wurin. Na ga Mai Guga ya kalli bangon da tsohon kekensa ya saba jingina, sannan ya juyo da fara'a. "Kai ka ɗaura? Duka?" Ya zagaya keken yana taɓa nan yana taɓa can. "Allah ya yi maka albarka. Kai, yau na zama yaro." Ko ledar da ke kan sirdin bai yarda an cire ba.

Ba a yi nisa ba keken ya fara nuna hali. Sarƙa ta riƙa zamewa, feda ɗaya ta tsage, birki kuwa sai dai ya yi kuka kamar an taka wutsiyar mage, keken ya ci gaba da tafiyarsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne in Mai Guga ya zo shan kwana, sai yatsun ƙafarsa su daki tayar gaba, keken ya yi tangal-tangal. Na matsa masa har muka tura shi wurin mai gyaran keke da ke bayan kasuwa, wani gajere mai baƙar magana.

Mai gyara bai ko tashi daga kan bencinsa ba. "Na kantin nan ne ko? Ku mayar musu. Wannan ba keke ba ne, hoton keke ne."

"Duba dai," na ce.

Ya taso yana tsaki, ya matsa birkin, hannun birkin ya lanƙwashe don roba ce. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sifana. "Gwangwanin madara ya fi wannan kauri. In na ɗaure noti ya cinye, in na bar shi ya kwance." Sai ya tsuguna a gaban keken, ya fashe da dariya. "Wane gwanin ne ya ɗaura wannan? Ai fok ɗin a juye yake!"

Fok shi ne ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Kamata ya yi ya karkata gaba, amma na wannan keken baya ya kalla, shi ya sa tayar ta matso kusa da feda.

"Bari in juya maka shi, wannan kam ba sai ka biya ba. In ba haka ba wata rana zai kayar da kai."

Mai Guga ya dafe kan keken da hannu biyu. "Bar shi."

"In bar shi?"

"Haka ake yin su yanzu. Sabon yayi ne, kai ne ba ka sani ba."

A hanyar dawowa na sauke masa kwandon masifa. Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, "Kai ba ka ga yaron nan lokacin da yake kulle a ɗaki ba? Yanzu yana tashi da safe, yana wanka, yana gaishe da mutane. Abu ɗaya ya taɓa yi da hannunsa ya kawo mini. In ya dawo ya ga an juya, ya san an duba aikinsa an ga bai iya ba. Ni zan lallaɓa."

Ya kuwa lallaɓa. Duk wanda ya yi maganar tayar sai ya ce sabon yayi ne, ɗansa ne ya ɗaura, a babban kanti yake aiki. A gangare yakan sauko da ƙafa ɗaya tana jan ƙasa, har takalminsa na hagu ya cinye ta gefe. Ranar da abin ya faru an yi yayyafi, kayan kuma sun yi yawa a baya.

A asibiti suka ce ƙashin ƙugu ne ya karye. Suka ce aikin yana da wuya ga mai shekarunsa, ga shi zuciyarsa ma ba ta da ƙwari. Bayan 'yan kwanaki suka sallamo shi da magunguna a leda, muka hau da shi bene a kan katifa, mu huɗu muna nishi, shi yana ba mu haƙuri kamar shi ya gina matakalar.

Ban taɓa sanin ɗakin nan ƙarami ba ne sai da ya kwanta a ciki. Gado, kabad mai madubin da ya tsage, taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. Maman Dogo ta ɗauke tebur ta sa bokiti a wurin. Mutumin da ya yi rayuwarsa a tsaye da dutsen guga a hannu, yanzu sai an juya shi. Tun yana tambayar kayan wa aka karɓa, na wa ya rage, har ya daina. Masu kawo guga suka koma wani wuri, ban kuma ga laifinsu ba.

Dogo yakan dawo daga aiki ya zauna a bakin gadon da rigarsa shuɗiya, wadda yanzu ba mai goge ta. Ya ɗaga uban, ya shafa masa mai a baya, ya ba shi ruwa a cokali. A gaban uban ya tambaye ni yadda abin ya faru. Na ce rami ne. Ya ce, "To."

"Keken fa?" Mai Guga ya tambaya wata rana. "Bai yi komai ba ko?"

"Ko ƙwarzane bai yi sosai ba, Baba."

"Ka gani? Ƙarfe ne mai kyau. In na tashi zan hau abina."

Na fita baranda, don na ji in na ƙara minti ɗaya a ɗakin zan faɗi abin da aka hana ni.

Daga baya tari ya shigo. Kwanciya ta tara masa ruwa a ƙirji, numfashinsa ya koma kamar ana jan tsumma a bututu. Na hau na yi masa aski a kwance, na ga kuncinsa ya faɗa har reza tana neman inda za ta bi. Ya kama hannuna, irin kamun da ya yi mini a titi, sai dai yanzu babu ƙarfi.

"Kana nan a kan rami?"

"Ina nan."

"Yauwa."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Washegari da la'asar, ina share gashi a shago, na ji Maman Dogo ta kira sunana sau ɗaya daga sama, ba da ƙarfi ba. Na ajiye tsintsiyar. Dogo yana wurin aiki, sai waya aka yi masa.

Bayan an yi jana'iza, masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, Dogo ya shigo shagona wata safiya ya zauna a kujera. Na yafa masa ƙyalle na kunna inji. Ta madubi yake kallona.

"Kawu, na je kwanar nan. Na bi ta da ƙafa daga sama har ƙasa. Babu rami."

Na kashe injin.

"Na san fok ɗin a juye yake," ya ce. "Tun ba a daɗe da kawo keken ba na sani. Wani ya dawo da nasa yana zagi, manaja ya kira ni gaban mutane ya nuna mini. Na dawo gida na ce, Baba kawo keken in duba. Ya ce me ya same shi, lafiyarsa ƙalau, ko a kamfani ba za a ɗaura kamar haka ba. Ga shi ya gama gaya wa duk layi sabon yayi ne. In na juya, na mayar da shi maƙaryaci ke nan a gaban mutane."

"Shi kuma yana tsoron kada ka sani," na ce.

"Na gane daga baya." Ya share hanci da gefen ƙyallen. "Na ma gwada a ɓoye, wata safiya yana wanka. Notin ya cinye a hannuna, sifana ta riƙa zamewa. Na ce zan samo wani notin. Kullum ina cewa gobe."

Na gyara masa ƙyallen a wuya.

"Ka san abin da manaja ya ce mana, Kawu? Ya ce kada mu ɓata lokaci a kan kekunan nan. Wanda ya saya zai hau sau biyu ko uku, ya jingine a bayan gida, shi ke nan. Ba a yi su don mai hawa kullum ba. Ni kuma na ɗauko na ba mai hawa kullum." Ya dubi agogon bango. "Ka ƙarasa mini, zan makara. Akwai kwalaye da suka iso jiya."

Ranar hutunsa ya roƙe ni in raka shi wurin mai gyara. Gajeren nan ya gan mu da jan keken, ya buɗe baki zai yi halinsa, na harare shi, ya rufe. Ya ɗauko wata ƙaramar guduma da kurfi, ya daki notin, ya kama shi da filaya ya murɗe. Ya sa tayar a tsakanin gwiwoyinsa ya juya fok ɗin, ya ɗaura wani tsohon noti daga cikin gwangwaninsa. Ko shayin da ya ajiye a kan benci bai huce ba.

"Shi ke nan?" Dogo ya ce.

"Shi ke nan."

Dogo ya tsaya yana kallon tayar. Mai gyara ya ce a hankali, "Amma kada ka hau shi a gangare. Birkin nan ba ya gyaruwa."

Muka turo shi gida, ba wanda ya hau. Dogo ya jingine shi a ƙarƙashin matakala, a bangon da baƙin keken ya saba tsayawa.

Yana nan har yanzu. An ba wani mai sayar da waya hayar ɗakin gugar, yana kunna kiɗa tun safe. Dogo yana fita kullum da shuɗiyar rigarsa a yamutse, ya bi ta gefen keken ba ya kallonsa. Tayoyin sun sace, tsatsa ta fara fitowa ta ƙarƙashin jan fentin. Maman Dogo takan shanya tsumman goge-goge a kan ƙarfen, amma ba ta taɓa ɗora komai a kan sirdin ba, ledarsa tana nan yadda mai shi ya bar ta.