Yatsan da Siminti Bai Ci Ba

Yaya Laure, ke ma kin san hannuna ba na wannan aikin ba ne. Dube shi — kanta, tsaguwa, fari fat kamar bangon da muke yaɓewa a unguwar Gataa El Oued, nan ƙasar Larabawa. Su Sharifu magini suna can inuwar bulo suna shan shayi, ni ina nan da kwalin nan naki a cinya, ina shafawa... shiru. Ko ɗigo ɗaya. Kamar mai shafa bayan kwano.

Ke yaya kika yi? Ke da ko ƙofar lekkol, makarantar boko, ba ki taɓa takawa ba, kika bi 'yarki Jannatu har makarantar makafi, kika zauna bayan aji da mayafinki sai da malamar ta ba ki allon ƙarfe da tsinke na rubutun makafi. Ƙas, ƙas, ƙas bayan la'asar, kina huda kwalin shayi, ita tana bi da yatsa tana dariya — zazzaɓin da ya ɗauke ki ma, da tsinken a hannunki ya same ki.

Baba Musbahu ya ce bayan sadakar arba'in za a sa Jannatu mota zuwa Damagaram, wurin Inna. "Wa zai zauna da ita kan karatun? Kai?" Wurin Inna... tabarma, bakin ƙofa, yarinya tana jin sawun yara suna wucewa lekkol. A'a. Wallahi a'a.

Jiya na gwada. Na fara daga dama, yadda Malam ya koya mana a allo, ai Larabci ne — sai Jannatu ta cafke min wuyan hannu. "Kawu, daga hagu! Umma ma haka ta riƙa ɓatawa." Ta ce Umma, muryarta ba ta karye ba. Tawa ce ta... Ta ja yatsana kan layin. "Ka ji?" Ban ji ba, Yaya. "Kai, hannunka kamar tafin raƙumi."

Man zaitun, ruwan ɗumi, duk na yi. Siminti ya riga ya sha. Manuni ya mutu, na tsakiya ya mutu, babban ma —

Ƙaramin na hagu fa? Wanda nake ɗagewa in na riƙe cokalin gini, su Sharifu suna min tsiya wai ɗan gayu?

Tsaya... ɗaya. Wani a ƙarƙashinsa. Wani kuma. Uku a tsaye, bulo kan bulo kan bulo. Lam! Lam ɗin sunanki. Ko idona ne ya leƙa? Na rufe. Yana nan.

Yatsa ɗaya ba zai kai ni ƙarshen shafi ba, na sani. Sai sauran sun farka, kuma ba za su farka a cikin siminti ba. Ga Sharifu yana ƙwala min kira, wai kwaɓi zai bushe. To ya bushe mana. Dako a kasuwa, tsaron shago, ko me... ban sani ba. Amma motar Damagaram za ta tashi babu ita.

Na sa kwalin a aljihu. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, Yaya. Ko Jannatu.