Faransancin Baba Dawuda

"Ngozika, bar shagon nan ki zo! Baba na magana, ban gane abin da yake faɗi ba!"

Ngozika ta bar mai sayen sabulu a tsaye, ta bi Mama Margaret da gudu. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu.

Mijinta Baba Dawuda, tsohon soja, yana kwance a tabarma, bakinsa ya karkace. Da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a gindin rumbu, tun daga nan Hausa ta ɓace masa, yarensu na C'lela ma haka. Ɗansu Abel ya ruga tasha neman mota.

Ngozika ta durƙusa ta kasa kunne. Faransanci ne. Nata na kasuwar Kwatano ne, inda take saro atamfa. Nasa kuwa a Chadi ya samo shi, lokacin da aka tura su can aiki. Duk unguwa an san ba ya zancen Chadi. In an tambaye shi, sai ya ɗauki sandarsa ya bar wurin.

Mama Margaret ta damƙe mata hannu. "Shekara arba'in ina jiran in ji abin da ya faru da shi can. Duk abin da ya ce ki faɗa mini. Kar ki gyara."

Ngozika ta dubi tsohon. In maganar jini ce fa, da wane baki za ta maimaita?

"C'était bien," in ji tsohon, da ƙyar.

"Mi ya ce?"

"Wai ya yi daɗi, Mama."

"Yaƙin ne ya yi daɗi?"

Ngozika ta sunkuya ta tambaye shi. Numfashinsa ya sarƙe, sai da suka tallafo kansa. Ya juyo da ido wajen matarsa.

"Avec elle. On a bien ri."

"Ba Chadi yake nufi ba. Ya ce zamansa da ke. Wai kun sha dariya."

"Ƙarya kike yi don ki kwantar mini da hankali."

"Ga Baibul can, Mama, miƙo in dafa."

Ya ƙara wata magana mai tsawo, ƙasa-ƙasa. Ngozika ta kai kunnenta har bakinsa, amma kalmomin sun fi ƙarfin Faransancin kasuwa.

"Wannan ban gane ba," in ji ta. "Ki yafe mini."

Mama Margaret ta daɗe tana kallonta, sannan ta sake mata hannu, ta kama na mijinta.

Ko da Abel ya iso da motar, an riga an rufe wa tsohon ido. Direban ya kashe inji bai fito ba. A tsakar gida kaji suka sauka kan dawar da aka shanya, suna ta ci, babu wanda ya kore su.