Dashen Hannun Sellayi

A ƙauyenmu kowace ƙasa da sunanta tun kaka da kakanni: fadamar shinkafa, tudu, filin gidaje, sai poramboke, ƙasar jama'a da ba mai ikon cewa tasa ce. Tafki da makiyaya da hanyar maƙabartarmu duk a cikinta suke. Doka ma ta yarda da haka, a fatar baki dai.

Gonar Rattinam ce ta yi iyaka da hanyar. Kowace shekara garmarsa sai ta gutsuri kunya guda, har inda keken shanu ke bi ya koma shinkafa kore shar. Abin takaicin, mu ne 'yan ƙodagonsa. Tsohuwa Sellayi tana dashe tana mita: "Ku gane mini, da hannuna nake toshe hanyar da za a fita da ni."

A daminar nan Sellayi ta rasu. Muka lulluɓe makara da furanni, makaɗa a gaba. A bakin gonar muka tarar da Rattinam da ƙartinsa, kowa da sanda.

Ɗanta Muniyandi ya sauke mayafin kafaɗarsa ya ɗaura a ƙugu, yadda ake yi gaban manya. "Aiya, ranka ya daɗe, a yi haƙuri mu wuce. Uwata ce."

"Ta ina? Kai ka ga hanya a nan? Wanda ya taka mini shuka ɗaya, ya nemi wani wurin aikin."

Aka kirawo jami'in ƙauye. Ko kashe babur ɗinsa bai yi ba. "Gaskiyarku, wurin poramboke ne. Amma sai an ba shi wa'adi, a kuma jira ya girbe."

"Ita fa, aiya?" in ji Muniyandi. "Ta jira girbin?"

"Ku bi ta magudana mana," in ji jami'in, "ai ita ma ta jama'a ce."

Magudanar da ke kwashe ƙazantar gari! Ta nan muka bi da Sellayi, ruwa iya ƙirji, makara a ka. Ganguna suka jiƙe suka yi shiru. Furanninta suka zube, ruwan banza ya tafi da su. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Washegari Rattinam ya aiko a fito cirar ciyawa. Muka fito, tunda yara sai sun ci. Layin da aka ba ni ya faɗo daidai tsakiyar hanyar, kuma dashen hannun Sellayi ne.