Kwano Biyu a Kan Janareta

Tun ina aji biyu a jami'a a Samaru na ɗora wa kaina zancen wutar nukiliya. Duk inda mutum uku suka taru sai na faɗa musu cewa tasha guda za ta haska Zariya da Kaduna ba hayaƙi, ko rana ta fito ko hadari ya rufe ta. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda muka saba da warin janareta har mun daina jin sa.

Mahaifiyata, Jemimah, tela ce a Sabon Gari. Shagonta ba taga. A bakin ƙofa take ajiye janaretanta, in ruwa ya sauko ta jawo shi ciki don kada ya lalace. Na sha yi mata bayanin gubar da ke cikin hayaƙin, daga nan in zarce zuwa laifin masu mulki.

"To, Malam Nukiliya," in ji ta, "kafin tashar taku ta iso, zo ka kafa min kwanon rufi biyu a kan wannan."

Na ce ranar Asabar. Asabar ɗin kuwa aka ba ni minti ashirin a taron ɗalibai, na ce a raina rumfa ba ta gudu.

Ina tsakiyar magana ruwa ya ɓarke da tsakar rana. Na ɗaga murya don a ji ni, aka yi ta tafi. Wayata na aljihu a kashe.

Nkechinyere, maƙwabciyar Mama mai sayar da yadi, ita ta ba ni labari a ƙofar asibiti. Mama na sauri ta gama ankon Zumuntar Mata na Lahadi, sai ta jawo injin ciki, ta tura ƙofa saboda feshi. Da ruwa ya ɗauke, Nkechinyere ta ji injin na kuka amma keken ɗinki ya yi shiru. Ta same ta kife a kan ɗinkin.

"Mark, ta ajiye maka kusoshin," in ji ta. "Suna cikin gwangwanin maɓallai."

Bayan jana'iza na kafa rumfar. Ko awa guda ban yi ba. Janaretan Nkechinyere ne a ƙarƙashinta yanzu.

Har gobe ina kan bakana, ƙasar nan na bukatar tashar. Amma ranar Asabar ba na karɓar gayyatar kowa.