Kantar Bakin Taga

Kanta ɗaya ce a laburaren take samun hasken taga, kuma a kanta ne Anti da kawunta suka shekara ba sa ga maciji da juna.

Anti, haka yara suke kiranta, ita ce mai ba da aron littattafai. Ita ta matsa wa Shugabar laburaren lamba har aka sayo littattafan zane, irin waɗanda labarinsu ke tafiya hoto bayan hoto, har da waɗanda ake kira manga, masu buɗewa daga dama. Shugaba ta ba su rabin kantar bakin taga, ɗaya rabin kuma tsofaffin littattafan tarbiyya suka ci gaba da shan ƙurarsu. Ta gindaya sharaɗi a gaban ma'aikata: ƙarshen shekara za a duba kwamfuta, ɓangaren da aka fi ara shi zai cinye kantar, ɗayan kuma a zuba shi a kwali a ajiye bakin ƙofa, mai so ya ɗauka.

A cikin masu shan ƙurar nan akwai littafin Kawu. Wan mahaifiyarta ne, tsohon hedimasta, kuma a gidansa ta yi makaranta. Da ya yi ritaya sai ya rubuta littafi a kan yadda ake tanƙwara yaro tun yana ɗanye, ya buga da kansa, ya kawo wa laburare kwafi uku. Kullum da safe yakan zo karatun jarida, amma kafin ya zauna sai ya bi ta gaban kantar ya gyara musu tsayuwa da yatsa. Tun da aka jera su, ko da kuskure ba wanda ya taɓa arar ɗaya.

Ranar da ya tarar da yara zube a ƙasa gaban kantar suna ƙyaƙyata dariya, wani ma ya jingina ƙeyarsa da littafin nasa, bai bi ta kan jarida ba. Teburinta ya nufo.

"Ke kika kawo wannan shirmen?"

"Ni ce, Kawu."

"Ashe har yanzu ba ki warke ba."

Ta san ciwon da yake nufi. Tana yarinya ba ta da aiki sai zane, bayan tsohuwar kalanda ma ba ta bari. Kawu ya ƙona takardun, ya sa ta shimfiɗa hannu a kan tebur, ya bi yatsun da gefen rula har ɗan ƙaramin ya karye. Har yau a lanƙwashe yake, in ta riƙe hatimi sai ya tsaya can gefe shi kaɗai. Ta tsani mutumin nan, kuma ta daɗe da daina jin kunyar faɗa wa kanta haka.

Ya kai ƙara wurin Shugaba, ta ba shi kujera da haƙuri ta sallame shi. Ya kira ƙanwarsa, mahaifiyar Anti, a waya, ita kuma ta kira Anti tana roƙonta ta bi shi a hankali, wai ko ba komai ya ci da ita, ya sha da ita. Anti ta ce to. Littattafan dai suna nan inda suke.

Sai Kawu ya fito da dabara, irin ta wanda ya saba ganin kowa ɗan aji ɗaya ne. Wata safiya ya shigo da buhu, da katinsa, da na matarsa, da na tsofaffin teburin jarida da ya tilasta wa yin rajista. Ya kwashe littattafan zanen tas ya jibge mata a tebur, ya ce a rubuta masa aro, abin da ba ya kan kanta ai yaro ba ya ganinsa.

Har ta buɗe baki. Duk littafin da ta goga a na'ura, kwamfuta za ta ƙirga shi an ara, kuma wannan ƙirgar ce za ta raba gardama. Kalma biyu sun isa ya gane rami yake gina wa kansa. Amma Kawu bai tambaya ba, da ma tun da yake bai taɓa tambayar na ƙasa da shi komai ba. Ta rufe bakinta, ta jawo littafin farko.

Haka suka yi ta yi. In wa'adi ya cika ya kinkimo buhun daga but ɗin motarsa, ta karɓa, kafin littafi ya taɓa kanta ya sake ara. Yana murmushin mugunta, tana mayar masa da irinsa, suna gaisawa kamar mutanen kirki. Har tambayarsa take yi ya jikin Inna, matarsa.

Yaran ne suka sha wahala a banza. Su zo su tarar da rabin kanta wayam, su tambaye ta ci gaban labarin da suka faro, ta ce su ƙara haƙuri. Wasu suka gaji suka daina zuwa. Wannan ya ci mata rai ƙwarai, don ta san da bakinta za ta iya dawo musu da littattafansu gobe, ta zaɓi yin shiru. Haushin kanta da take ji ma a kan Kawu ta ɗora shi.

Da shekara ta zo ƙarewa Shugaba ta kira ta ofis. Ta ce ba sai an wahalar da kwamfuta ba, kowa ya san wanda ya ci. Amma ganin girman tsohon, in aka samu ko mutum ɗaya ya ari littafinsa kafin ranar kwashewa, za ta nema masa gurbi a kantar baya. Tana faɗa tana kallon Anti, don ta san ma'aikata ma suna da kati.

Anti ta je ta zaro kwafi ɗaya, karo na farko a rayuwarta. Takardun har sun manne da juna. Tana ɓamɓarawa ta faɗa kan babin yaro mai ɓata lokaci da zane-zane. Kawu ya ba da misali da wata yarinya da ya riƙa a gidansa, ya bayyana maganin da ya yi mata dalla-dalla, har da gefen rular da ya fi shiga jiki. Ya rufe da cewa tun daga ranar ba ta sake zana ko kaza ba. Gaskiya ya faɗa. Ta mayar da littafin, ta gyara masa tsayuwa da yatsa yadda yake so.

Ranar kwashewa Kawu ya iso da buhunsa, ya ci karo da kwali a bakin ƙofa, an rubuta kyauta a jikinsa. Kwafinsa uku ne a sama. Yana tsaye Shugaba ta fito ta gaishe shi da ladabi, ta ce laburare na godiya, ba don yawan aron da ya yi ba da littattafan zane ba su samu kantar gaba ɗaya ba, har an yi odar wasu. Ko da gangan ta faɗa, ko da zuciya ɗaya, Allah masani.

Ya shigo yana jan buhun a ƙasa, littattafansa a hammata. Anti ba ta taɓa ganin ya tsufa haka ba, kuma ta laluba zuciyarta ba ta sami tausayi ba.

"Kin sani tun farko," ya ce.

"Na sani."

"An ce ko mutum ɗaya ne ya ara, da an bar shi. Ke ko sau ɗaya ba za ki iya ɗauka ki karanta ba?"

Ta ɗora hannunta a kan tebur, ta shimfiɗa yatsun kamar yadda ya koya mata. Huɗu suka kwanta, ƙaramin ya ƙi.

"Me zan karanta a ciki, Kawu? Ai a nan ka fara rubuta shi."

Ya dubi yatsan, ya daɗe yana dubansa. Ita kuwa ta jawo buhun ta zazzage, ta shiga goga littattafan a na'ura ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta tambaye shi ko zai sake ara. Ya zuba kwafinsa uku a buhun da ya zama fanko, ya fita bai karanta jarida ba.

Kafin ta gama jera kantar wayarta ta fara ruri, sunan mahaifiyarta a kai. Ta kife ta a tebur ta ci gaba da jeri.