Ranar da Injiniya Ya 'Yanta Kwamfutar Mai Hoto

Shagon Mai Hoto ɗan ƙarami ne: shuɗin labule inda masu hoton fasfo ke tsayawa, fitilu masu lema, madubi da mataji, sai tebur a lungu ɗauke da tsohuwar kwamfuta da firinta. Kwamfutar sai ta yi nishi kafin ta tashi, amma tana tashi. Da ita Mai Hoto take share ƙuraje daga fuskar mutane, ta miƙe wuyan rigar da ya karkace, ta buga hoto kafin mai shi ya gama gyara hula.

Ana nan sai ƙanin mijinta ya zo musu hutun da ba a faɗi ranar ƙarewarsa ba. Injiniya ake ce masa a gida, ko da yake har yau ba wanda ya ga abin da ya ƙera. Ya shigo shagon, ya kalli kwamfutar kamar ya ga mara lafiya a yashe.

"Matar Yaya, kin san ke baiwa ce?"

"Baiwar wa?"

"Ta kamfanin da ya yi babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar nan. Suna leƙenki, su sabunta miki abu ba ki tambaya ba. Akwai wata babbar manhajar, kyauta ce, ta 'yanci. Duk wayayyen mutum ita yake amfani da ita."

"Tana buga hoto?"

Ya yi dariyar tausayi. "Ita ke tafiyar da rabin duniya."

Mai Hoto ta ce ita dai a bar mata abinta. Amma Injiniya ya kai maganar gaban yayansa a wajen cin abinci, ya yi ta zuba har abincinsa ya huce. Maigidan, wanda ya gaji da ji, ya ce, "Ki bar shi ya gwada mana. Karatunsa ne."

Ranar da ta tafi ɗaukar hoton yaye ɗalibai, ta bar masa makulli. Ta dawo ta tarar da allon kwamfutar ya sake kama, shi kuma yana zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Barka da samun 'yanci," in ji shi.

Washegari direbobin wani kamfanin dakon kaya suka cika shagon, kowa na son hoton sabunta lasisi. Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ta zauna gyara. Ta nemi manhajarta ta gyaran hoto sama da ƙasa, babu.

"Ba ta tafiya a kan wannan," in ji Injiniya. "Amma ga wadda ta fi ta."

Wadda ta fi ta ɗin, Mai Hoto ta taɓa wani maɓalli don ta haska fuskar wani dattijo, sai bawan Allah ya koma kore shar kamar ganye. Ta haƙura da gyara, ta ce a buga haka nan. Firinta ta ja takarda, ta yi tunani mai tsawo, ta tofo layi guda na wasu alamomi da ba na kowane yare ba.

"Ƙaramin abu ne," in ji Injiniya. "Firintar ce ba ta da direba."

"Ga mu nan reras," in ji wani daga kan benci. "Ina za a kai ta?"

Shagon ya kwashe da dariya, ban da mutum biyu. Injiniya ya bayyana cewa direba wata 'yar manhaja ce da ke haɗa firinta da kwamfuta, kuma laifin masu ƙera firintar ne da ba su yi ta don masu 'yanci ba. Ya buɗe wani baƙin allo ya shiga buga rubutu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya tura tambaya zauren masana a intanet. Amsa ta farko ta ce wa yake buga hoto a takarda a wannan zamani. Ta biyu ta ce ya je ya karanta bayani.

Direbobin suka fara zamewa zuwa shagon da ke tsallaken titi. Mai Hoto tana kallonsu ta ƙofa, tana cizon leɓe, don ƙanin miji ba a yi masa irin faɗan da ke bakinta.

Da rana ta take ya ce zai je ya sa wani abu a cikinsa, ƙwaƙwalwa ba ta aiki da yunwa. Fitarsa ke da wuya, sai wani ɗan sauti ya fito daga jakarsa, irin wanda kunnenta ya saba da shi shekara da shekaru. Ta zuge jakar, ta ɗaga murfin laftof ɗinsa. Ga babbar manhajar bayi nan ɗare-ɗare, da wasan ƙwallo an tsayar da shi a tsakiya. Har manhajar gyaran hoto akwai.

Ta zare wayar firinta ta soka a laftof ɗin. Kafin ya dawo yana sakace, dattijon nan ya karɓi hotonsa da fuskarsa irin ta mutane.

Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa. "Wannan, ai don bincike na ajiye ta. Dole mutum ya san abokin gabansa."

"Gaskiya ne," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Na ga har ƙwallo kuke bugawa tare. Bar mini ita, ni na saba da wahala. Kai ɗauki waccan, ta fi dacewa da wayayye."

Ya kai ƙara wajen yayansa. Maigidan ya saurara, ya tambayi ko shagon yana aiki yanzu, aka ce yana yi, sai ya ƙara muryar rediyo.

Haka Injiniya ya rungumi tsohuwar kwamfuta zuwa ɗakin baƙi. Bayan wani lokaci ya sanar a wajen cin abinci cewa ya samu sauti ya fara fita, ko da yake ta lasifika ɗaya ne.

Wata safiya Mai Hoto tana share ƙofar shago ta hango shi ya nufi kantin maganin kawunsu, yana kaɗa ɗan filashin da ke ɗauke da manhajar 'yanci a yatsa. Ta ɗauko waya za ta gargaɗi tsohon. Sai ta tuna a wani taron dangi Kawu ya ce mata da na'ura ba sa jituwa, su dai a bar su da danne-danne. Ta mayar da wayar aljihu, ta ce wa matar da ke jira gaban labule ta ɗan ɗaga haɓa.