Tambarin Aci-balbal

Kamfanin shirye-shiryen talabijin na Aci-balbal bai kai shekara biyu a duniya ba. Shago ɗaya ne a Gidan Igwai, da kyamara ɗaya, da Mu'az, wanda shi ne darakta, shi ne mai tace hoto, shi ne kuma mai shara. Wasan kwaikwayo guda suka yi mai kashi goma sha uku, sannan kowa ya kama gabansa. Yau ka tambayi mutanen Sakkwato labarin wasan, wallahi ba mai kawo maka shi. Tambarin kamfanin kawai ake tunawa.

Daƙiƙa bakwai ne. Allo baƙi ƙirin, sai hannun mace mai jan lalle ya ƙyasta ashana ya kunna fitila, sunan kamfanin ya fito a ƙasa, wata murya ta ce, "Aci-balbal." Hannun da muryar duk na Wasila ne, matar Mu'az. Ita da kanta ta ce don hannu kawai ba sai an ɗauko bare ba.

Shekara uku bayan rufe shagon ciwo ya kwantar da ita. 'Yar gidan malamai ce daga Ƙofar Dundaye, ta taso tana jin cewa abin da mutum ya bari a duniya yana bin sa kabari, mai kyau da maras kyau. Ranar da jikin ya ƙi, ta riƙe masa bakin riga.

"Malam, ka fid da ni daga talabijin. Ban son ina kwance maza na sauraren muryata."

Ya ce ya ɗauka. Washegari aka kai ta makwancinta.

To, faɗa ce mai sauƙi. Mu'az, da iyayinsa na lokacin ƙuruciya, manna tambarin ya yi a farko da ƙarshen kowane kashi, don kada wani ya sace masa wahala. Ya goge nasa, ya je gidan talabijin ya roƙa suka goge nasu, sannan ya shiga bin masu tura fina-finai a waya shago-shago.

A wani shago na Kwalkwalawa, da rana tsaka, ɗalibai na ta hayaniya, ya kunna tambarin kafin ya goge. Mai tace hoto ba ya kallon abu bai dubi agogon da ke ƙasan allo ba. Daƙiƙa tara. Ashanar farko ta ƙi kamawa, hannun ya ɗauko ta biyu.

Shi ya ɗauki hoton nan. Ya san ashana ɗaya aka ƙyasta.

Ya ce a ransa kwamfutar mutumin ce ta lalace. Amma a shago na gaba daƙiƙa goma sha huɗu ya gani, na gaba da shi talatin. Duk wanda ya goge, sauran sai su ƙara tsawo, muryar kuma ta riƙa zuwa a makare, a gajiye, kamar ta wadda aka tasa daga barci. Tsoro ya kama shi ƙwarai, bai kuwa gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa, a ce rashin mata ya taɓa shi?

Wata bakwai yana wannan yawo. Ran nan Bara'atu, ƙanwar marigayiya, ta tare shi a zaure ta ce akwai saura a wayar Inna.

Hajjo, surukarsa, a bayan labule ta karɓi gaisuwarsa, shi yana durƙushe a bakin ƙofa. Wasila ce 'yarta ta fari, don haka tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, kuma ranar rasuwar ba wanda ya ga hawayenta. Kunyar ɗan fari ke nan, har yabonta aka yi.

"Na san abin da yak kawo ka," in ji ta. "Gidan ga ba mu da hotonta ko guda, mai gidan ga bai yarda da hoto. Wanga hannu shi kaɗai ar rabona."

Ga alkawarin mamaciya, ga uwa. Ya buɗe baki zai ce ta bar shi kawai, sai wayar ta fito ta ƙarƙashin labule.

"Duba ka gani. Kullum nika kallo bayan walaha, na ɗauka ziyara nika kai mata. Ashe aiki nika sa ta."

Ya kunna. Minti shida. Karan ashana sun zube birjik a gindin fitilar, lallen ya koɗe, hannun yana ƙyastawa tana mutuwa, yana sake ɗaukowa. Da ƙyar fitilar ta kama. Muryar ba ta iya faɗin sunan ba, numfashi kawai aka ji.

"Goge," in ji Hajjo. "Ta gaji."

Ya danna. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya sake dannawa, ya tura ta ƙarƙashin labule.

Can sai ya ji tsohuwar ta ce, a hankali, kamar mai gwada kalmar a bakinta, "Wasila." Ta sake faɗa da ƙarfi, sannan kukan ya zo. Bara'atu ta fito daga madafi da ludayi a hannu ta tsaya cak, domin tun da take ba ta taɓa jin sunan yayarta a bakin uwarsu ba.